Wasiƙa Tsakanin Marubuci da Edita: Nazari a kan Takardun Abubakar Imam da Abin da Suke Nuna wa Maraɗi

1. Gabatarwa

A cikin shekarar 1989 kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya fitar da tarihin rayuwar Alhaji Abubakar Imam, wanda Abdurrahman Mora ya tsara daga abubuwan da marigayin ya bari, shekara takwas ke nan bayan rasuwarsa. Da Ingilishi aka buga littafin, saboda haka bai sami shiga sosai ba a wannan ɓangare na ƙasar Hausa, inda Faransanci ne harshen lakwal da na ofis. Waɗanda suka karanta shi kuwa, galibi tarihin siyasar Nijeriya ta Arewa suka je nema a ciki. Wannan maƙala ta karkata ne ga wani ɓangare na littafin wanda ba a cika tsayawa kansa ba, watau wasiƙun da suka gudana tsakanin Imam da mutanen da ya yi hulɗar rubutu da su, musamman Rupert East na Hukumar Talifi.

Abin da ake so a nuna shi ne, rubutun zube na harshe ba ya tsayawa da ƙafarsa sai marubuci ya sami wani mutum guda wanda zai karanta abin da ya rubuta, ya kuma mayar masa da amsa a takarda. Amsar nan ita ke raya marubuci, ita ce kuma ke rage masa wani abu daga harshensa. Ba a iya auna abin da ta ƙara da abin da ta rage sai an adana takardun duka. Za a kawo misali daga ƙasar Ailan domin kwatance, sa'an nan a dubi halin da Maraɗi da Tibiri da Jiratawa suke ciki. Maganar ta ƙara nauyi tun daga shekarar 2025, sa'ad da dokar da ke tafiyar da mulkin Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki.

2. Imam da East

A shekarar 1933 East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai da ƴan boko su rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Shi da kansa ya bayyana wahalar da ya sha a cikin wata maƙala da mujallar Africa ta buga a 1936: mutanen da suka iya rubutu ba su ɗauki ƙaga labari a bakin aikin da ya dace da mai ilmi ba, domin a ganinsu alƙalami na addini ne da shari'a da waƙa mai wa'azi, tatsuniya kuwa ta mata ce da yara. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar da kowane ɗalibin adabi ya sani: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na wansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya yi tare da East ɗin.

Imam a lokacin nan saurayi ne ɗan shekara 22, yana koyarwa a makarantar Midil ta Katsina, bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba. East yana Zariya. Wannan nisa shi ne ya yi wa tarihin adabi amfani, domin da a gari ɗaya suke, da baki za su yi maganarsu ta bi iska. Tun da yake sai ta gidan waya suke saduwa, tilas East ya zauna ya rubuta abin da ya gani a cikin rubutun hannun da aka aiko masa. Abin da ya fi fitowa fili a cikin wannan mu'amala shi ne batun aro. East ya lura cewa wasu labaran da ke cikin Ruwan Bagaja daga littattafan wasu aka ɗebo su, ya kuwa jawo hankalin marubucin a kan haka. Imam bai ɓoye inda ya sha ruwa ba. Ya faɗa cewa salon Muƙamatul Hariri ya bi, kuma duk wanda ya karanta yadda Alhaji Imam da Malam Zurƙe suke haɗuwa gari bayan gari, kowane yana shirya wa ɗan'uwansa tuggu, zai gane zubin muƙama a ciki.

A nan ne ya kamata mai nazari ya dakata. Mutum biyu ne suke magana a kan abu ɗaya, amma kowannensu da ma'aunin da ya taso da shi. A wajen East, labari mallakar wanda ya fara rubuta shi ne, ɗaukarsa ba tare da ambato ba aibi ne. A wajen wanda ya tashi a gidan malamai kamar Imam, wanda mahaifinsa malami ne kuma alƙali, ɗaukar tsohon zance a sāke masa tufa ita ce hanyar talifi da aka gada. Mai tahamisi ba ya jin kunyar baitin da ya gina nasa a kai, mai sharhi ma haka. Ba a iya cewa ɗaya ya yi daidai ɗaya ya yi kuskure. Abin lura shi ne yadda maganar ta ƙare. A shekarar 1936 aka ɗauko Imam daga Katsina aka kawo shi Zariya na ƴan watanni domin ya rubuta littafin karatu na makarantu, sai ga East da kansa ya tara masa littattafan Larabawa da na Indiyawa da na Turawa, irin su Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin ƴan'uwan nan Grimm na Jamus, ya ce ya zaɓa ya mayar da su na Hausa. Daga nan Magana Jari Ce ya fito, juzu'i uku. Watau editan da ya yi ƙorafi a kan aro shi ne ya koma ya mai da aro tsarin aiki. Ana iya karanta wannan a matsayin saɓani a cikin ra'ayin East. Ya fi kusa da gaskiya a ce marubucin ne ya koya wa editan inda ƙarfinsa yake, editan kuma ya yi hankalin karɓa.

Akwai darasi na biyu wanda ya fi shafar masana harshe. Marubutan nan biyar ba ƴan gari ɗaya ba ne. Imam da Bello a Kagara aka haife su, Katsina ta rene su. Tafawa Ɓalewa mutumin ƙasar Bauci ne. Gwarzo na ƙasar Kano. Tafida na Zariya. Amma wanda ya jera littattafan nasu ya karanta, zai tarar ƙa'idar rubutu ɗaya ce, lamiran lokuta kusan iri ɗaya, karin harshen kowa ya kwanta ƙarƙashin abin da daga baya aka kira daidaitacciyar Hausa, mai tushe a Kananci. In aka gwada su da Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa na Frank Edgar, wanda aka buga juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913 (a birnin Belfast na Ailan, abin mamaki), bambancin a bayyane yake: a cikin Edgar, wanda ya juyo rubutun ajami na malamai zuwa boko, Sakkwatanci yana nan da ransa a shafuka da yawa. Tsakanin littafin Edgar da na gasar 1933 wani hannu ya shiga, hannun ofishin Zariya. Daidaitacciyar Hausa ba a zauren taro aka fara yin ta ba. Hukumar Harshen Hausa sai a 1955 aka kafa ta. A kan teburin edita aka yi ta, kalma bayan kalma, kuma wasiƙu da rubutun hannu na asali su kaɗai ne shaidun da za su iya nuna yadda aka yi.

To, a nan ne littafin 1989 ya gaza biyan bukatar mai nazarin harshe, ko da yake ba laifinsa ba ne, domin ba don haka aka yi shi ba. Tarihin rayuwa ne, ba kundin wasiƙu ba. Takardun da ke ciki an kawo su ne domin su tallafi labarin da Imam yake bayarwa a kan kansa, a inda labarin ya bukace su. Mai karatu yana jin muryar East ta hanyar zaɓin Imam, yana kuma karanta maganar gina adabin Hausa a cikin littafin Ingilishi. Abin da mai nazari yake kwaɗayi shi ne shafin Ruwan Bagaja kamar yadda ya bar Katsina, a ajiye shi kusa da shafin da ya fito daga maɗaba'a, da wasiƙar da ta shiga tsakaninsu.

Wasiƙun da Imam ya yi musaya da Lugard bayan ziyararsa Ingila a 1943, cikin tawagar ƴan jaridun Afirka ta Yamma, su ne suka fi suna, amma na siyasa ne. A cikinsu editan Gaskiya Ta Fi Kwabo yake kai kukan ƴan bokon Arewa ga tsohon da ya shimfiɗa mulkin da suke kuka da shi. Masana tarihi sun yi musu hidima, ba sai an maimaita ba. Abin da ya shafi wannan nazari daga wancan zamani shi ne, tun daga Janairun 1939 da aka fara jaridar, Imam ya tashi daga matsayin mai aika rubutu ya koma matsayin mai karɓa. Wasiƙun masu karatu suna zuwa daga ko'ina, yana gyarawa, yana bugawa, yana amsawa. Abin da aka yi masa shi ma ya yi wa wasu.

3. Masuncin Blasket

A yammacin ƙasar Ailan, gaɓar lardin Kerry, akwai wani tsibiri da ake kira Blasket Babba, wanda mazaunansa ba su taɓa kai mutum 200 ba, kuma a 1953 aka kwashe sauran da suka rage. Harshensu Gelik ne, harshen asali na ƙasar, wanda Ingilishi ya tura shi gefe a zamanin mulkin Ingila. A can wani masunci mai suna Tomás Ó Criomhthain ya zauna har rasuwarsa a 1937. Ɗan karatun da ya yi yana yaro da Ingilishi ne; rubuta harshensa kuwa sai da ya manyanta ya koya. In da a nan ne, da an sa shi cikin lissafin ɗaliban yaƙi da jahilci.

A 1917 wani ɗan boko, Brian Ó Ceallaigh, ya zo tsibirin domin ya koyi harshen a bakin masu shi. Ya ga tsohon yana da abin faɗa, amma bai yarda cewa zaman masunta abin rubutawa ba ne, kamar dai yadda malaman da East ya tarar ba su yarda da ƙagaggen labari ba. Sai ya karanta masa rubutun Gorki na Rasha da na Pierre Loti na Faransa, domin ya ga cewa an yi littattafai a kan talakawa da masu kamun kifi. Da ya tashi komawa ya bar shi da alkawarin zai riƙa aiko da takarda, shi kuma ya riƙa cikawa yana mayarwa. Haka aka yi shekara da shekaru, ambulan bayan ambulan. Daga waɗannan takardu aka sami littafi biyu, Allagar na hInise a 1928, da An tOileánach, ma'ana mutumin tsibiri, a 1929, wanda yanzu ake lissafa shi cikin manyan littattafan harshen.

Amma ba Ó Ceallaigh ne ya kai su maɗaba'a ba. Ya miƙa su ga wani edita, Pádraig Ó Siochfhradha, wanda aka fi sani da laƙabin An Seabhac. Wannan ya ci gaba da rubuta wa tsohon yana neman ƙari, ya gyara rubutun bisa ƙa'idar da ake bi a lokacin, ya kuma cire wuraren da ya ga ba su dace da ƴan makaranta ba, domin sabuwar gwamnatin Ailan ta kafa hukumar buga littattafan Gelik, An Gúm, a 1926, kuma makarantu ne babbar kasuwarta. Kamannin da ke tsakanin wannan da Hukumar Talifi ta Zariya ba ya bukatar dogon bayani: zamani ɗaya, manufa ɗaya, almakashi iri ɗaya. Inda suka rabu shi ne, rubutun hannun masuncin bai ɓata ba. Saboda haka aka sāke fitar da littafin a 1973, sa'an nan a 2002 Seán Ó Coileáin ya fitar da shi bisa asalin abin da tsohon ya rubuta, da karin harshensa da wuraren da aka cire. Shekara 73 aka yi kafin a mayar wa mai magana da muryarsa, amma an iya, don takardun suna nan.

An ɗauki wannan aiki da muhimmanci har ga marubutan Ailan da suka bar harshen gida. Samuel Beckett, wanda ya rasu a Paris a shekarar da aka buga littafin Imam, an fitar da zaɓaɓɓun wasiƙunsa juzu'i huɗu tsakanin 2009 da 2016, kowace da harshen da ya rubuta ta, Ingilishi ko Faransanci ko Jamusanci, da kwanan wata da sunan wanda aka aika wa. Wannan ita ce ƙa'idar da ya kamata a nema wa Imam.

4. Maraɗi, Tibiri, Jiratawa

Tsakanin Katsina, inda Imam ya rubuta Ruwan Bagaja, da Maraɗi, tafiyar ba ta wuce kilomita 100 ba, kuma sarautar Maraɗi ita kanta ta Katsinawa ce da suka ƙaura bayan jihadi, kamar yadda Gobirawa suka kafa Tibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Harshe ɗaya, zuriya ɗaya. Amma gasar 1933 ba ta ƙetare iyaka ba. Mulkin Faransa bai kafa wata hukumar talifi da harsunan ƙasa ba, lakwal kuwa da Faransanci take tun daga ajin farko. Littattafan Zariya sun shigo Maraɗi cikin kayan fatake, an karanta su, amma babu ofishin da Bamaraɗe zai aika wa rubutunsa ya jira amsa.

Wannan ba ya nufin ba a san wasiƙa ba. Fada tana da magatakarda, alhazan birni suna da malaman da ke rubuta musu takardun ciniki da ajami zuwa Kano da sauran kasuwanni, ƴan ci-rani suna aiko da gaisuwa gida. Wasiƙar gargajiya tana da siga tabbatacciya: ta buɗe da ambaton wanda ta fito daga hannunsa da wanda za ta je wa, kamar wani ne dabam yake ba da labarinsu, sai jerin gaisuwa da fatan alheri, sai kalmar “bayan haka” wadda take raba ladabi da bukata, sai bukatar a taƙaice, sai sallama. Siga ce mai kyau, ta kuma cancanci nazari na kanta, amma ba ta barin fili ga bayani. An yi ta ne domin a karanta wa mutum da baki, ɗan aike ya cika sauran. Abin da Ó Ceallaigh ya yi wa masunci shi ne ya faɗaɗa abin da ke biye da “bayan haka” har ya zama littafi, ta hanyar tambaya: to, sai me ya faru, wa ya ce me, yaya teku take a ranar?

Bayan samun mulkin kai, aikin yaƙi da jahilci ya kankama a Nijar da harsunan ƙasa, yankin Maraɗi kuwa yana cikin wuraren da aka fi ba da ƙarfi, saboda gyaɗa da ƙungiyoyin haɗin kai na manoma. An koya wa manya karatu da lissafi domin su karanta sikeli, su riƙe littafin kuɗin ƙungiya, kada a cuce su a kasuwa. Gonakin noman rani na Jiratawa, da aka shirya a farkon shekarun 1980, sun bukaci irin waɗannan marubuta. An kuma yi jaridun karkara, irin su Gangaa da Saabon Ra'ayii da Kasaa May Albarkaa ta Maraɗi, waɗanda sunayensu kaɗai sun isa su nuna ƙa'idar taron Bamako na 1966, mai ninka dogon wasali da rubuta “ay” a gurbin “ai”. Wannan ƙa'ida ta nisanta rubutun Nijar da na Zariya har zuwa taron Yamai na 1980 da ya nemi daidaita su, sa'an nan aka sāke tsayar da ƙa'idojin a 1999. Manomin da ya koyi rubutu a ƙarƙashin tsari ɗaya, ya ga ɗansa yana rubutu da wani, ba abin mamaki ba ne in ya ɗauka nasa ya lalace.

Duk wannan aiki ne na kirki, kuma masu yinsa sun yi da kayan aiki kaɗan. Sai dai tsarin ya ɗauki sabon mai karatu a matsayin mai karɓa: a buga masa ƙaramin littafi a kan takin zamani ko zazzaɓin cizon sauro, a kai masa. Ko inda jarida ta buga abin da ya aiko, bugawa dabam take da amsawa. Bugawa tana gaya masa an karɓa. Amsa tana gaya masa inda zancensa ya yi daɗi da inda mai karatu ya ɓata, tana kuma neman ya sāke rubutowa. Mutanen yankin sun nuna da kansu cewa suna son a amsa musu: wasiƙun da suka riƙa aikawa sassan Hausa na gidajen rediyon London da Kolon da Kaduna shaida ne. A yau saƙon murya ta WhatsApp ya ɗauke mafi yawan wannan hidima, yana kuwa biyan bukatar gaisuwa da ciniki fiye da takarda, amma ba ya tilasta wa kowa ya gina jimla a rubuce, ba ya kuma barin abin da za a adana.

5. Abin da edita zai taɓa da abin da zai bari

In har za a samar da mai amsawa a Maraɗi, ko a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ko a ofishin yaƙi da jahilci na jiha, tambayar farko da zai fuskanta ita ce wadda East da An Seabhac suka fuskanta: me za a gyara? A ɗauka wani manomi na Tibiri ya rubuto labarin ambaliyar gulbi, ya ce:

“Da dare ruwa sunka zo, hwadama tac cika, da sahe munka tahi munka iske hatsi kwance.”

Malamin da ya sha daidaitacciyar Hausa zai ɗauki jan biro ya mai da ita:

“Da dare ruwa ya zo, fadama ta cika, da safe muka tafi muka iske hatsi a kwance.”

Gyare-gyaren da ke nan ba iri ɗaya ba ne, ko da yake biro ɗaya ya yi su. Mai da “hwadama” da “sahe” da “tahi” zuwa “fadama” da “safe” da “tafi” batun harafi ne. Sauti ɗaya ne na asali wanda Bagobiri da Bakano suke furtawa dabam, kuma Bagobirin da ya ga “f” a takarda zai ci gaba da furta abinsa. Babu hasara mai yawa a nan, akwai ma ribar cewa takardarsa za ta karantu daga Yamai har Bauci. Mai da “ruwa sunka zo” zuwa “ruwa ya zo” kuwa ya taɓa nahawu, domin a Hausar yamma kalmar “ruwa” jam'i take ɗauka. Na uku shi ya fi muhimmanci. A daidaitaccen rubutu, da yake ba a nuna tsawon wasali da karin sauti, “ta cika” tana iya zama shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, mai dogon wasali, ko na biyu, mai gajere, wanda ake jera labari da shi, ko ma umurni. Sai mahallin jimla ya raba gardama. “Tac cika” ba ta da wannan ruɗani. Ninkin baƙin ya nuna a fili cewa lokaci na biyu ne, labari ake jerawa. Watau a wannan gurbi rubutun manomin ya fi na malamin bayyana nahawun jimlar, gyaran kuwa ya rage bayani maimakon ya ƙara.

Ba ana cewa a watsar da daidaitacciyar Hausa ba ne. Littafin lakwal da takardar hukuma suna bukatar tsari ɗaya, balle yanzu da harshen ya hau matsayin da ya hau. Ana cewa ne edita ya san matakin da yake taɓawa, ya kuma faɗa wa marubuci dalili a cikin amsarsa. Haka nan kalmomin aro. Ɗan Jiratawa zai rubuta “lakwal” da “mushe” da “kaye” da “jandarma”. Mai gyara da ya karanta littattafan Zariya hannunsa zai yi ƙaiƙayin sa “makaranta” da “malam” da “littafin rubutu”. Amma a Maraɗi “makaranta” ta allo ce, “malam” kuma ba shi ne “mushe” ba. Mutum biyu ne, kowa da tabarmarsa. Wanda ya haɗe su ya share wani bambanci da al'ummar ta ga ya kamata ta riƙe a harshenta.

Sa'an nan akwai matakin da ya wuce harshe, wanda a nan ne An Seabhac ya fi yin ɓarna: cire abin da edita ya ga bai kamata ba. A ƙasar Maraɗi wannan jarrabawa za ta zo da wuri. Tsohon da aka roƙa ya rubuta abin da ya ji daga iyayensa game da ruwan 1945, wanda ya sa aka tashi birni daga kwari aka koma tudu, ko tsohuwar da za ta faɗi yadda Iya ta Maraɗi da Inna ta Gobir suke riƙe da sha'anin bori a da, ba za su rubuta abin da zai shiga littafin aji uku kai tsaye ba. In za a buga wa yara, a rage. Amma a rage a kan kwafi, a bar asali yadda ya zo, da ambulan ɗinsa da kwanan watansa, tare da kwafin amsar da aka mayar. Cibiyar binciken ilmin ɗan Adam ta IRSH a Yamai tana da sashen da ke adana rubuce-rubucen Larabci da na ajami, waɗanda tushensu tarin da Bubu Hama ya fara. Takardar boko ta manomi, a kan shafin kaye da aka yaga, ba ta da kwarjinin waɗancan, kuma tawadar biro ba ta jure zafi da gara kamar tawadar malamai. Kwali da lamba da rajista take bukata tun ranar da ta iso ofis.